Na Yi Jinyar Uban Tasalla

Makon jiya rediyo ya sanar da rasuwar wani tsohon ɗan wasan kwaikwayo. Aka yi ta cewa ya yi tsawon rai, ya sa ƙasa dariya, Allah ya jiƙansa. Na ce amin. Amma na kasa kunne har aka gama shirin ban ji an ambaci wadda ta wanke masa zanen gado ba. Kullum haka ake yi in irin waɗannan mutane sun tafi, a lissafa shekarunsu, a lissafa wasanninsu, a manta da masu jinya. Shi ya sa na ɗauko biro, da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci, in rubuta jinyar mahaifina ko wani zai tsinci abin amfani. In faɗa tun da wuri, akwai kishi a labarin nan, kuma ba kishin miji ba ne, kishin uba ne.

Sunan mahaifina Malam Isyaku, amma in ka shigo Gwammaja kana neman Malam Isyaku sai ka yini kana yawo. Ka ce Baba Maikwano, ɗan yaye ma zai nuna maka ƙofar gidanmu. Ɗan kama ne tun yana saurayi, yana bin kasuwanni da gidajen biki yana ba mutane dariya. Sai da furfura ta cika masa gemu gidan rediyo suka ɗauke shi. Kowace Laraba da yamma yana fitowa a tsoho mai sayar da kwanuka, shi da 'yarsa mai tsiwa, Tasalla. Wadda ke fitowa a Tasallar sunanta Rakiya, 'yar Ƙofar Na'isa, yarinyar da na isa in goya.

Ni ce 'yarsa ta fari, sunana Hauwa'u. Gidanmu asalin Fulani ne, mun bar shanu amma ba mu bar kunya ba, kuma kunyar ɗan fari a wurin Baba kamar farilla take. Bai taɓa kiran sunana ba. In yana son abu sai ya ce, "A gaya wa waccan." Ƙanwarsa, Gwaggo Yalwa, ita ta raine ni. In na shiga gaishe shi na durƙusa, sai ya kau da kai ya dubi bango ya ce, "An ba awaki ruwa?" In ce an ba su. Wannan ita ce hirarmu shekara arba'in da ɗoriya. Ran Laraba kuwa sai in ji shi a akwatin rediyo yana cewa, "Tasalla 'yar albarka, zo nan ki ci ƙaniyarki," tana zolayarsa, yana ƙyalƙyala dariya, unguwa duk ta ɗauka. Ni ina gindin murhu ina hura wuta. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Lokacin yaƙin basasa ne abin ya faru. Mijina ya rasu na dawo gida, ƙanena Habu ya shiga soja an tura shi bakin daga, mahaifiyarmu ta daɗe a ƙasa. Gidan ya rage daga ni sai Baba sai Gwaggo. Baba ya doshi tamanin amma yana taka ƙafarsa har gidan rediyo. Yana da aboki guda, Alhaji Sambo na Kabara, tsohon akawu wanda ya buga kurket, wasan ƙwallon da ake bugu da katako, da Turawa tun yana makaranta, bai kuma bar kowa ya manta ba. Kowace Juma'a bayan an sauko sukan zauna a zaure su yi ta ƙirga tsaransu da suka tafi: wane ɗan dambe, wane makaɗi, wane mai tsaron gida a ƙwallo. In sun gama sai Alhaji Sambo ya ce, "Saura ni da kai, Isyaku." Baba ya ce, "Kai za ka riga ni, ai gudun banza da ka yi a rana yana nan yana jiranka."

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Wata biyu kafin ya faɗi, Baba yana kukan ciwon ƙeya. Yakan tashi ya ce ƙasa na juyawa da shi. Sau biyu ya yi haɓo. Muka ce zafi ne, muka jiƙa masa tsamiya. In tsohonka ya fara irin wannan kuka, ka bar tsamiya ka kai shi a auna jininsa. Mu ba mu sani ba, sai da wata safiya buta ta suɓuce masa yana alwala, ya zame ya jingina da bango, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki kamar tsumma.

Maƙwabta suka taimaka muka kai shi asibiti. Wanda bai ga asibiti a shekarun nan ba ba zai gane ba. Ma'aikata da yawa sun bar gari tun rikicin da ya jawo yaƙin, waɗanda suka rage ba su da lokacin ko share gumi. Gadaje sun cika da sojojin da jirgin ƙasa ke kawowa, wani ba ƙafa, wani an naɗe masa kai duka. Muka shimfiɗa tabarma a baranda tun hantsi har la'asar. Wani ma'aikacin jinya ya zo wucewa, ya ji Baba ya yi nishi, ya tsaya cak.

"Wannan ba Baba Maikwano ba ne?"

Na ce shi ne. Kafin magariba an samo gado. Har gobe ina yi wa mutumin nan addu'a, don ba don shi ba da a baranda za mu kwana. Amma da ya gama gyara masa matashi sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, ke maƙwabciya ce? A aika a gaya wa 'yarsa mana, Tasalla."

Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa. Ya kira ciwon da wani suna, sitirok, kalmar ta zauna mini a kai har yau. Aka fassara mana cewa jini ne ya hau har ya taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya shanye ɓarin jiki. Ya ce ba gishiri, ba kanwa, a riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo, a riƙa motsa masa hannu da ƙafa. Maganin da ya rubuta babu shi a asibiti, an ce komai ya tafi wajen sojoji. Na yi ta zarya kantunan magani har Sabon Gari, inda rabin shagunan ke kulle. Keken ɗinkina ya tafi a mako na biyu, manyan tasoshin aurena suka bi shi. Da muka shiga mako na uku aka ce mu koma gida, ana bukatar gadon.

A gida kowa ya zama likita. Gwaggo ta rantse jifa ne, abokan wasansa ne suka yi masa saboda hassada. Wata ta ce iska ce ta buge shi a bakin rijiya. Aka kawo wanzami ya yi ƙaho, aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi har sai da ya yi ta tari na fitar da kaskon. Abin da na ga ya yi amfani shi ne man kaɗanya da nake murza masa a ƙafa, da juyin da muke yi masa ni da wani maƙwabci. Maganarsa ta fara dawowa, a hankali, da nauyi. Idonsa ne ya ƙi. Dama yana ta fara rufe idon, sai ciwon ya ƙarasa, ya koma gane mutane da murya kawai. Hankalinsa kuma yana zuwa yana tafiya, wani lokaci yana gida, wani lokaci yana cikin wasa. Ciwon ya ɗauke masa hannu da ƙafa da ido, amma bai taɓa kunyarsa ba. Da ya ji muryata sai ya juya fuska bango. Gwaggo ke ba shi kunu, hannunta na rawa, rabi a baki rabi a wuya.

Ana cikin haka masu shirya wasan suka ga Baba ba zai dawo ba. Maimakon su ce Maikwano ya yi tafiya, sai suka kashe shi. Ba wanda ya zo ya gaya mana. Wata Laraba Gwaggo ta kunna rediyo don ta ɗebe masa kewa, sai ga Tasalla tana rusa kuka, tana cewa, "Wayyo Babana, wa ka bar ni da shi!" Yarinyar ta iya kuka, ba zan ci haƙƙinta ba. Kafin in kai hannu in kashe, Baba ya ji. Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Ya ce, "Ku je ku rarrashi yarinyar nan. Ba ta da kowa."

Ni da ke tsaye da kwanon wankinsa a hannu, ni ina da kowa ke nan.

Washegari gari ya ɗauka Baba Maikwano ya rasu. Mutanen da ke jin sanarwar mutuwa kullum daga bakin daga ba su tsaya tambayar wace ce ta wasa ba. Mata suka yi ta tururuwa zuwa Ƙofar Na'isa yi wa Tasalla gaisuwa, da ƙwaryar gero, da kwanon tuwo. 'Yan kaɗan ne suka zo gidanmu. Suka tarar da shi kwance yana numfashi, suka yi sororo, wata har ta ce, "Au, ashe da ransa?" kamar mun yi mata ƙarya. Suka ce Allah ya ƙara sauƙi, suka tambayi hanyar gidan Tasalla. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ranar na shiga bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ran da ya faɗi, kuma ba don tausayinsa ba ne, baƙin ciki ne tsagwaronsa.

Daga ranar Baba ya rufe baki. Kunu, koko, farfesun kaza, ko ruwa sai an yi da gaske. Maganin da na sayar da kekena na saya yana tofarwa. Abin da yake faɗa guda ne, "Tasalla ta ci abinci?" Ya fara ramewa, leɓensa ya bushe. Alhaji Sambo ya zo ya zauna a gefensa ya yi zolayar duniya, ya ce, "Isyaku, in ka riga ni ai ka ci amana," bai kula shi ba. Da zai fita ya kira ni zaure.

"Hauwa'u, ki je ki zo da yarinyar nan."

Na ce, "Baba Alhaji, ni ce 'yarsa."

Ya ce, "Na sani, ni na raɗa miki suna. Amma 'yarsa ce za ta je, don ita ce ba ta so ya mutu da yunwa."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na ɗauki mayafi na tafi, ina tafe ina shirya baƙaƙen maganganun da zan gasa mata. Na same ta a tsakar gida mata sun kewaye ta, tana ta rantsuwa cewa wasa ne, tsohon yana nan da rai, su kuma suna cewa ruɗewar maraici ce. Da na faɗi ko ni wace ce sai ta zube ƙasa ta gaishe ni, ta ce, "Yaya, ki yafe mini, wallahi ba a gaya mini jikin ya kai haka ba. Cewa aka yi kada a dame ku." Ta sa aka kwashe geron da aka kawo mata aka biyo mu da shi. Da ta yi mini rashin kunya da na ji daɗi. Mutuncinta ya fi komai ƙona mini rai, don ya hana ni abin da zan riƙe.

Ta shiga ɗakin ta canza murya, ta ja kalmar yadda take yi a wasa: "Baabaa na kaina! Kwance kake, kwanuka na can rana na dukansu?" Mutumin da ya yi kwanaki bai motsa ba ya ɗago kai. Rabin bakinsa ya yi dariya. Ya ce, "'Yar nema, ina kika shiga?" Ta ɗebo kunun da ni na dama, a kwanon da ni na wanke, ya shanye tas har ya nemi ƙari. Gwaggo tana hamdala. Ni ma na yi hamdala, Allah ya sani, amma kishi na cina.

Ta yi mako biyu tana zuwa kullum. Ya ɗan yi kumari, har ana jingina shi da bango. Sai aka ce za a kwashi 'yan wasan a kai su barikoki su riƙa ɗebe wa sojoji kewa, ba a san ranar dawowa ba. Ran da za ta tafi ta ja ni madafa.

"Yaya, ba ya gani. Murya yake bi. Muryarki kuwa irin tasa ce, in kin so za ki iya."

Na ce, "In zama ke a gidan ubana?"

Ta ce, "To ya za a yi, Yaya?"

Ta koya mini yadda ake jan "Baabaa", da yadda ake tsaki kafin a yi dariya. Ashe jinin ɗan kama yana jikina ban sani ba. Washegari na tsaya a bakin ƙofa, na canza murya, na shiga a Tasalla. Ya karɓa. Ya ci, ya sha magani, ya zage ni zagin wasa, ya kama kunnena ya murɗa. Ina da jikoki a lokacin, amma ranar ce ubana ya fara taɓa ni da wasa. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, na kuma ji kishin da ya fi na da, don yanzu na san ainihin abin da take samu duk shekarun nan.

Haka muka yi wata da watanni. In za a juya shi ko a canza shimfiɗa, ni ce Hauwa'u, ya dubi bango. In za a ci abinci, ni ce Tasalla, a yi hira. Ya ba Tasalla labarin ƙuruciyarsa, da yadda ya gudu daga rugar kakanmu ya bi 'yan kama, da yadda ya ga mahaifiyata a bakin kasuwa. Duk ban taɓa ji ba. Na riƙa satar tarihin gidanmu da muryar 'yar mutane.

Da damina ta kama sai ciwon ya sake bugunsa. Wannan karon ba mu koma asibiti ba, ma'aikacin jinyar nan ne ya zo har gida ya duba, ya ce mu yi ta addu'a. Ƙirjinsa ya riƙa ƙara, abinci ya koma cokali biyu. Wata ranar Litinin bayan la'asar hankalinsa ya dawo sarai. Ya laluba ya kama hannuna, ya yi ta sa wa Tasalla albarka, Allah ya ba ta miji nagari, Allah ya sa ta gama da duniya lafiya, ya yafe mata duniya da lahira. Ina cewa amin, zuciyata na tafasa. Na ga in na yi shiru zai tafi da nawa rabon. Sai na yi tsaki irin nata na ce, "Baabaa, ni kaɗai? 'Yarka ta gida fa?"

Ya rage murya kamar mai tsoron a ji.

"Hauwa'u."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Ya ce, "Ita ke juya ni. Na san hannunta, irin na uwarta ne. Kekenta ma na daina jin ƙararsa, na san inda ya tafi."

Na ce, "In kira ta?"

Ya ce, "Kira ta."

Na tashi na fita tsakar gida, na tsaya gaban turken awaki na goge fuska. Na dawo na yi sallama da muryata, na durƙusa inda na saba durƙusawa. Na ce, "Baba, ga ni." Bakinsa ya motsa. Ina jira, har numfashi na riƙe. Sai ya juya fuska bango a hankali ya ce, "An ba awaki ruwa?"

Na ce, "An ba su, Baba."

Na ƙara jira, bai ƙara ba. Na tashi na fita, na dawo a Tasalla. Tun kafin in zauna ya lalubo hannuna, ido na zubar da ruwa.

"Na kasa, 'yar nan. Ke bakinki ba ya nauyi. Ki gaya mata na yafe mata, ita ma ta yafe mini. Ki ce Allah ya yi mata albarka. Kada ki manta."

Na ce, "Ba zan manta ba, Baabaa."

Ya cika ran Laraba da hantsi. Jana'izarsa ba ta cika layi uku ba, don mutanen gari sun ce ai sun yi gaisuwarsa tun watannin baya. Rediyo ya faɗa a jimla guda tsakanin labaran yaƙi. Habu bai ji ba sai da ya dawo. Alhaji Sambo ne ya tsaya a kan komai, kuma ya ƙara shekara goma sha wani abu a duniya yana cewa Isyaku ya yi masa wayo. Na taɓa tambayarsa ko albarkar da aka sa da sunan wata tana iya sauka a kaina. Ya ce, "Mutanen gari ne ke bin murya. Ubangiji ya san hannun da aka riƙe."

Na gode wa ma'aikacin jinya, da maƙwabcin da ya taya ni juyi, da Gwaggo, Allah ya jiƙanta. Na gode wa Rakiya, wadda har yau takan zo mini da goro ran sallah, ina karɓa ina murmushi, kishin kuma yana nan inda yake, ba zan yi ƙarya da furfura ba. Ita ta samu dariyarsa yana da lafiya, ta samu masu makokinsa tun bai mutu ba, har albarkar da ya sa mini sai da ta bi ta hannunta.

Ku masu tsofaffi, ku kai su a auna jini tun ana kukan ƙeya. Ku kuma iyaye masu kunyar ɗan fari, kunya ado ce, ban ce ku yar ba, amma ku kira shi da sunansa ko sau ɗaya tun harshe na juyawa, yana gabanku, da fuskarsa. Baba ya aiko mini da tawa albarkar ne da saƙo. Saƙon ya iso, alhamdulillahi. Ni na karɓa a bakinsa, ni na fito tsakar gida gaban awaki na faɗa wa kaina, na ce amin.